Buhun Dawar Baba

Kofin giya yana hannuna mai gadi ya ce mini Baba yana ƙofa.

Ran Asabar ce da rana, a kulob ɗin Turawan da ke gina dam a Kazaure. Ga kifi da soyayyen dankali a gabana, maigidana Bature yana ta yabon giyar da ya dafa da kansa, da buhun dawar da na ba shi kyauta. Bara, ana tsakiyar fari, Baba ya aiko mini da buhun daga Kanya Babba. Ban tambaya ba, na ɗauka tsaraba ce, ni kuwa tuni na raina tuwo.

Na kurkure baki na fita, na durƙusa nesa da shi don kada ya ji wari.

Ya rame, ƙafafunsa duk taɓo, amma yana murmushi.

"Ruwa ya sauka, ɗan nan. Ɗauko mini buhun irin shukar nan da na aiko maka bara. Da na bar shi a gida, da yunwa ta sa mun cinye. Na san a wurinka ba mai taɓawa."

Daga ciki na jiyo maigidana yana cewa a ƙaro wa kowa giyar.