Wa Ya Ɗebo Mata Ruwa?

Shekarar da fari ya kashe raƙuman babana, ina aji shida a lakkwal, makarantar boko. Wata la'asar ni da Inna muna layin rabon jar dawa, sojoji na tsaye bisa kamiyo, babbar motar da ta kawo dawar, layi ya ƙi motsi. Da tsayuwa ta ishe ni, na fiddo littafin labarin da madam, malamar ajinmu, ta ara mini, ina karantawa da Faransanci ina juya wa Inna da Hausa.

Labarin wata mata ne da mijinta ya tafi birni, ta zauna bakin ƙofa wata uku tana kuka.

Inna ta gyara riƙon buhunta ta ce, "Wa ya ɗebo mata ruwa?"

Na juya shafi gaba, na koma baya. "Ba a faɗa ba, Inna."

"To namiji ne ya rubuta shi. Rufe, layi ya matsa."

Haushi ya kama ni, ta ɓata mini labari. Sai daga baya na tuna ran nan sau uku ta je rijiya kafin mu fito. Babana wata biyar ke nan da tafiya kudu, ban taɓa ganinta zaune bakin ƙofa ba.

Yanzu na karanta littattafai da yawa, har da na mata masu faɗan 'yancinmu, kuma ina son su. Amma ba na iya zama da littafi lafiya. Sai in yi ta juya shafi gaba da baya, ina neman mai ɗebo ruwan. Inna ta rasu ban kai mata amsa ba.