Lambobin Maraɗi

Malam Hashimu ya leƙa kwamfutar Injiniya Talatu, ya tarar tana rubuta tambayar da shafin wani ɗan kasuwa zai riƙa aika wa rumbun bayanai, tana ta yanke duk abin da take ganin ba shi da amfani. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Dakata da askin nan, Injiniya, in ba ki wani misali."

An yi wani mai haɗa shafukan intanet, gwani ne ba laifi, sai dai irin mutanen nan ne da ba a gaya musu, su ke gaya wa mutane. Wata mata mai sana'ar huluna ta ba shi aiki. Matan ƙauyensu su goma sha biyu ke yi mata ɗinkin hannu, ita kuma tana tallata hulunan a intanet. Duk wanda ya ga tallar ya yi sha'awa sai ya bar sunansa da lambar wayarsa, su shiga wani rumbun bayanai da ke can a intanet. Abin da ta nema kaɗan ne: shafin da za ta buɗe ta ga masu neman hula a daidai wannan lokacin, ta kira su. Gwani ya haɗa shafin da rumbun, ya rubuta tambayarsa, sunaye suka fara fitowa. Sai ya lura da waɗansu lambobi gajeru, ba irin na ƙasarmu ba. Bai tambayi kowa ba, ina shi ina tambaya! A ransa ya ce ai 'yan damfara ne, ya ƙara layi guda: kada a kawo kowa sai mai lambar Najeriya. Shafi ya fito tsaf, ya koma gida yana ganin ya yi wa baiwar Allah gata.

Azumi ya kama, lokacin da mai hula ke jira shekara guda. Kullum ta buɗe shafi ta ga mutum uku, gobe biyar, jibi babu ko ɗaya. Ba ta yi shakka ba, tunda an ce mata kai tsaye shafin ke ɗebowa daga rumbu, kuma gaskiya ne. Ta ɗauka kasuwa ce ta mutu, ta aika ƙauye cewa a ajiye allura. Matan da suka ɗora ransu a kan wannan ɗinki don kayan sallar 'ya'yansu suka naɗe zare, suka yi haƙuri.

Bayan salla da mako biyu wani dattijo ya zo shagonta daga Maraɗi ta ƙasar Nijar. Ya ce shi da abokan kasuwancinsa sun bar lambobinsu har sun gaji, ba wanda ya kira su, suka je suka sari na wani. Ta aika aka kira gwani. Tun kafin dattijon ya gama maimaita zancen gwani ya gane inda gizo ke saƙa. Ya buɗe kwamfuta, ya share layin nan guda. Sunaye suka yi ta zubowa, Maraɗi, Damagaram, Tawa, fiye da ɗari uku, tun daga farkon azumi suna nan suna jira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Wa ya ce ka zaɓa mini?" Kunya ta rufe shi, ya gyara shafin a minti guda, amma salla ta riga ta wuce.

Malam Hashimu ya miƙe yana gyara rigarsa. Ya ce, "Rumbun bai ɓoye komai ba, abin da aka tambaye shi ya bayar. Kafin ki cire ko layi ɗaya, tambayi mai kaya. Kada a ce a hannunki ne rijiya ta bayar, guga ya hana."