Kwalin da Ke Rataye a Saman Kan Baduku

Hansatu, tun ɗazu kike jujjuya wayar nan kina tambayata: ki buɗe shafin intanet ne kawai, inda za a ga ɗinkinki a kira ki, ko kuwa kanti sosai, irin wanda mutum zai danna ya biya a aika masa? Kin dai san kawunki da danne-dannen nan sai a hankali, ko lambar mutum zan ajiye sai na nemo tabarau. Amma ajiye wayar tukuna, 'yar nan, in ba ki wani misali.

An yi wani baduku mai ɗinkin takalma, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya kuma gaji wata al'ada tare da ita. Duk wanda ya zo wurinsa, komai girman rawaninsa, sai ya tuɓe takalmi ya taka kwali. Baduku ya durƙusa ya zagaye ƙafafun biyu da fensir, ya latsa nan ya latsa can, yana tambayar inda ke damun mutum. Sannan ya rubuta suna a jikin kwalin, ya huda shi, ya zura a wata igiya da ke rataye a saman kansa. Yakan ce ƙafafun mutum guda ma ba su zo ɗaya ba, balle na mutum biyu. Shi ya sa duk garin aka shaida takalminsa ba ya cin ƙafa, kuma wannan shaidar ita ce duk abin da uban ya bar masa.

To, maƙwabciyarsa mai sayar da yajin daddawa ce, ta buɗe kanti a intanet. Robarta iri ɗaya, farashinta ɗaya, wanda ke Jos da wanda ke Sakkwato duk abu guda za su lasa. Tana cikin daka wayarta na ƙara, masu babur kuwa ba sa yankewa a ƙofar gidanta. Baduku yana kallo har ransa ya biya. Ba hassada ba ce, wallahi mutumin kirki ne, shi ma dai yana da bakunan ciyarwa. Sai ya buɗe irin nata. Kantin ya nemi hoto, ya nemi farashi, ya nemi lambar ƙafa, amma bai nemi kwali ba. Baduku ya ce ai zamani riga ne. Ciniki kuwa ya buɗe, har ya daina ɗaga kai idan ana sallama. Da wasu takalman suka fara dawowa, wannan ya ce ya matse, wancan ya ce dunduniya na fita, sai ya ce mutanen yanzu ne ba a iya musu.

Ran nan da hantsi sai ga wani tsohon malamin makaranta ya shigo yana ɗingishi, ba takalmi a ƙafarsa, ya riƙo su a hannu. Tun yana saurayi ya karye a ƙafar hagu, ɗorin ya ɗan karkace, kuma shekara talatin ba wanda ke yi masa takalmi sai gidan nan. Ashe 'yarsa da ke aure a wani gari ce ta ga kantin, ta so ta faranta wa mahaifinta rai saboda ɗaurin auren jikarsa, ta danna lamba arba'in da uku, da sunanta ba da nasa ba. Tsohon ya sa su ya wuni yana gaisawa da jama'a, don kyautar 'ya ce, aikin gidan da ya amince da shi ne kuma. Ƙafar ta kumbura, gefenta ya saluɓe. Ya ajiye takalman a hankali ya ce, "Ɗana, ni ba ƙorafi ya kawo ni ba. Na zo ne in ga ko lafiya kake, don na san hannunka ba ya haka."

Baduku ya ɗaga kai. Kwalin tsohon yana nan a igiya, da rubutun mahaifin Baduku a jiki, bai fi kamu biyu daga inda ya zauna ya yanka fatar takalman ba. Kunya ta rufe shi, hawaye ya cika masa ido. Ya ɗebo ruwan ɗumi ya wanke ƙafar da hannunsa, ya ce, "Baba, ka yafe mini."

A makon nan ya rufe kantin. Ya buɗe ɗan shafi mara hayaniya: hotunan aikinsa, labarin gidansu, lambar wayarsa, da layi guda da ke cewa duk mai so ya taka takarda, a zagaye masa ƙafafun biyu, ya turo, sannan a yi magana. Cinikin bai kai na da yawa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma takalmi bai sake dawowa ba, kuma tsohon ya ci gaba da zuwa da ƙafarsa. Mai yaji kuwa tana nan da kantinta, sai ma gaba da ta ƙara yi, don ita abin ya zauna mata daram.

Saboda haka kada ki tsaya tambayar wanne ya fi kyau, duk biyun kayan aiki ne. Ki dubi abin da ke hannunki: in irin wanda ake ɗauka a tafi ne, buɗe kanti, Allah ya kawo kasuwa. In kuwa sai an zauna an gwada an ji bakin mai shi, to, kada ƙarar wayar maƙwabta ta ruɗe ki. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa da kiwon da ya karɓe shi.