Ramin Ƙadangaru

Jibi hukuma za ta sako wa unguwarmu sanyin kwana arba'in, wanda take rabawa duk shekara don kashe sauro. Ni da maigidana muka wuni muna toshe kafofin ɗaki da tsumma. Da muka shigo da akuyarmu mai tsohon ciki, sai ta haye katifarsa ta kwanta abinta.

"Tasalla, ni kuma ina zan kwana?" ya tambaya yana dariya.

"Malam, kai ai kana da bargo."

Can na ga ya tsallake wani rami a gindin bango.

"Ka manta wannan."

"Na ƙadangaru ne, su samu mafaka."

"Malam, shekara uku rabonmu da ganin ƙadangare."

"Na sani," in ji shi. "Bar musu dai."