Ƙafa Ba Takalmi a Filin Marina

Tun da aka kafa dokar tabarau, ba ɗalibin da ke fita yawon tarihi da idonsa tsirara. Tabarau na hukuma ne ke nuna wa yara abin da aka yarda ya taɓa wanzuwa. Malamar da ta bari aka cire shi ta rasa aikinta, kuma Malama Suwaiba tana kan gargaɗin ƙarshe.

Wata rana ta kai 'yan ajinta wani fili, inda Inna Tasalla ta Ƙungiyar Tarihin Gari ke jiransu.

"Me kuke gani, jikokina?"

"Lambu, Inna! Har da tsuntsaye!"

"Lambun wa? Nan ubana ya yi rini har hannunsa ya koma shuɗi. Ku bar musu tabaransu, ku cire takalma."

Suwaiba ta matso kusa da ita. "Inna, ki rufa mini asiri. Mutanen hukuma suna jinmu ta tabarau."

"To su ji mana, 'yar nan. Kurame ne?"

Yara suka watsar da takalma. Can wata ta yi ihu, "Malama, akwai da'ira a ƙasa! Ga wata ma!" Bakunan rijiyoyin rini ne da aka cike, tudunsu na nan ƙarƙashin ƙasa, tafin ƙafa na jin sa.

Fitilar tabaran Suwaiba ta koma ja. Wata murya mai ladabi ta ce a kunnenta, "Malama, a mayar da yara mota."

Suwaiba ta sunkuya, ta kwance igiyar takalminta.

"Inna, wacce ce rijiyar babanki?"