Ranar da Goggo Ta Faɗi

Da Goggo ta farfaɗo a ƙasan falo, ta tarar yaran da take reno sun lulluɓe ta da zani, sun zauna tsit.

"Goggo, kin tashi? Ba mu yi surutu ba," in ji babbar cikinsu.

Ta dubi sakatar da ta sa aka ɗaga sama don kada yaro ya fice titi. Da ba ta farka ba, haka za su wuni kulle da gawa, don babu wani babba a gidan sai ita.

Da yamma ta ce wa iyayen kada su sake kawo su.

"Haba Goggo, jiri ne fa kawai! Wa za mu ba?"

"Wadda in ta faɗi akwai mai ɗaga ta."

Bayan mako guda jami'ar duba gidajen reno ta zo. Magunguna a kulle, soket a toshe, tsakar gida fes.

"Madalla, Goggo, komai ya yi. To, ina yaran?"

Goggo ta jawo mata 'yar ƙaramar kujera.

"Zauna mana, 'yata. Ba sauri kike ba, ko?"