Gabar Ormerod da Blamire

Farfesa Cuthbert Ormerod ya ture farantin tun kafin Bridie, mai kawo abinci a gidan kula da tsofaffi, ta ɗauke hannunta. Naman rago ne da dankali. Kwanakin nan komai ɗanɗanon takarda yake yi masa, har sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda. Bridie ta lallashe shi, ta gaji, ta tafi.

Sai ya ji takun takalmin da ya tsana.

Dakta Hester Blamire ta ja kujera ta zauna a gabansa ba tare da an yi mata izini ba. Ta tsufa, ya lura, abin kuwa ya yi masa daɗi. Gashi ya yi fari fat, amma bakin nan yana nan yadda ya san shi.

Kalma guda ce ta haɗa su gaba. Lokacin da jami'arsu ke haɗa ƙamus, Ormerod aka ba wa kalmar ruminate. Ya rubuta cewa da ta shigo Turanci daga Latin, mutum ta fara nufi, wanda ya zauna yana juya magana a ransa, tuƙar da saniya ke yi kuwa daga baya ta biyo. Blamire ta miƙe a taro, gaban manyan malamai, ta ce ya kifa tarihin kalmar. Tuƙa ce asali, in ji ta, kuma da farfesa ya taɓa tsayawa kusa da saniya da ya sani. Zauren ya kwashe da dariya. Abubuwa da yawa sun shige wa Ormerod tun daga lokacin, amma dariyar nan tana kunnensa.

"Na ji an ce ka daina cin abinci," in ji ta. "Ko tuƙa kake yi?"

"Wa ya bar ki kika shigo, Blamire?"

"Ƙofa a buɗe take. Na zo in ji ko ka janye."

"Sai dai ki mutu kina jira."

Ta jawo farantinsa gabanta kamar nata, ta shiga yanka naman ƙanana-ƙanana tana magana, ta kankare miyar da ba ya so ta tura gefe. Wannan raini ya kai raini. Ya duba ko akwai wanda zai fitar da ita, amma tsofaffin da ke sauran teburan kowa ta kansa yake yi, wani ma gyangyaɗi yake.

Ta mayar masa da farantin.

"Ba ci na ce ka yi ba. Na san ba za ka iya ba. Mutumin da cokali ya gagara ba shi zai riƙe hujja ba."

Ya fizgi cokalin. Ya kai loma baki, idonsa cikin nata. Ya tauna da ƙarfi kamar ita yake taunawa.

Daga nan ya dira mata. Ya kawo wa'azin limaman coci na zamanin da, waɗanda ke umartar mutane su zauna su juya nassi a zuci. Ta ce limaman ma daga garke suka aro. Ya ce ba Latin ake tambaya ba, Turanci ake tambaya, kuma a Turanci tunani ya riga saniya shiga takarda. Ta ce takarda ba ita ce baki ba, manoma sun daɗe suna faɗin abin da malamai ba su rubuta ba. Ya buga tebur. Duk lokacin da ya tsaya jan numfashi sai ta jefo wata baƙar magana, shi kuma ya cika baki da dankali don ya samu sararin shirya amsa.

Miya ta zubo masa a haɓa. Ta cillo masa tsumman goge baki ba tare da ta dube shi ba.

A nan ya hangi zobe a yatsanta, siriri, ya sha jiki. Ya ji ya samu inda zai soka.

"Ashe an samu wanda ya kwashe ki. To ko dai kurma ne, ko kuma baƙin cikinki ya kashe shi."

Ta juya ta kalli taga, inda ruwa ke sauka a kan ciyawa, ta daɗe a haka. Ormerod ya jingina da kujera, ransa fari tas. Bai taɓa rufe mata baki irin na yau ba.

"Yana nan da ransa," ta ce a hankali. "Ya dai yi nisa."

"Ya yi dabara."

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta dubi farantin. Ko ƙwayar dankali ba ta rage ba.

"Gobe zan zo maka da hujjar da za ta gama da kai, Farfesa."

"Ki zo da ita, in binne ku tare."

Ya bi ta da harara har ƙofa. Can Bridie ta tare ta, ta riƙe mata hannu, muryarsu tana zuwa masa sama-sama.

"Ya cinye tas. Likita zai ji daɗi, da har ya fara maganar saka masa robar abinci ta hanci. Yau ma bai gane ki ba, ko?"

"Ya gane ni sarai," in ji Madam Ormerod. "Auren namu ne kawai ya manta."